Kafin ka tare a sabuwar gona a ƙasar Bade

Tsadar abinci da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a 2023 ta sa ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun juya ga noma. Wasu ma suna sayen gona a ƙauyukan da ke tsakanin Gashuwa da Nguru da niyyar tarewa a can, inda babu wutar gwamnati, babu ruwan famfo. Niyya ce mai kyau, sai dai ƙasar nan tana da sharuɗɗan da ba a rubuta su a takardar ciniki.

Na farko shi ne ruwa. Damina a arewacin Yobe gajera ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, don haka gonar tudu ta gero da wake da riɗi ce. Albarkar yankin tana fadama, inda kogin Haɗeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ya ratsa Gashuwa. A nan ake shinkafa, da rani kuma alkama da albasa da tattasai. Amma ruwan Haɗeja daga Kano ake sako shi. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, hawa da saukar kogin suka canza. Hanyoyin ruwan da a da suke bushewa da rani suka daina ƙafewa, kacalla ta samu wurin zama ta toshe su, ruwa ya karkata zuwa rafin Marma da tafkin Nguru. Wata gonar ta nutse, wata kuma ta rasa ambaliyar da ke raya ta. Cikin kacallar ne tsuntsayen jan baki ke kwana, su wayi gari a kan shinkafa. Ambaliyar 2022 da ta shiga Gashuwa ta nuna cewa ko inda ake ganin tudu ne, ruwa na iya kaiwa.

Shi ya sa manoman yankin ba sa yi wa gona kuɗi da rani kawai. Tambayarsu ita ce, “Ina ruwa ya tsaya bara?” Baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya sayi gona ya yi haƙuri ya ga damina guda a kanta kafin ya aza tubalin gida, ya duba shatar ruwa a jikin itatuwa, ya tambayi dattawan da suka noma wurin.

Wuta kam ta zo da sauƙi, domin rana ba ta ƙaranci a nan. Famfon sola a kan rijiyar burtsatse ya raba manoma da yawa da sayen fetur kullum. Amma ƙurar hunturu tana rufe faifan sola ta rage masa ƙarfi, sai ana goge shi a kai a kai, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 kuma yana gajarta ran batir, don haka a ajiye shi a inuwa mai iska. Ruwan sha ma a kai shi gwaji. Gashuwa ta daɗe tana fama da yawaitar ciwon ƙoda, masana na ci gaba da binciken musabbabinsa, ba wurin da za a sha ruwan sabuwar rijiya da ka ba ne.

Sai mutane. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallakar filin karkara, amma kafin a je can, a tara bulama da maƙwabtan gona su shaida iyaka, a kuma tabbatar duk magada sun yarda da cinikin. A tambayi inda burtali ya bi da mashayar dabbobi. Makiyaya suna saukowa fadamun nan kowane rani tun kaka da kakanni. Wanda ya shinge musu hanya ya sayi rigima, wanda ya daidaita da su bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar masa taki.

Kuɗi suna sayen fili a rana ɗaya. Sanin halin kogi da samun yardar maƙwabta kuwa sai an zauna, an je suna da jana'iza, an fito gayya ranar datse ruwa. Wanda ya ba shekararsa ta farko ga wannan, ya kama hanyar cin amfanin gonarsa.