Ma'aunin da ya fi hasken girma

A watan Afrilu na 2006 asibitin Rangueil da ke birnin Toulouse a kudancin Faransa ya fara aiki da sabuwar na'urar gashi mai suna Novalis, ƙirar kamfanin BrainLAB na Jamus. Aikinta shi ne ta ƙona ƙarin da ke cikin kai ba tare da an fasa ƙoƙon kan ba. Siririn haske take harbawa ta kusurwoyi da dama, duk su haɗu a kan ƙarin, naman da ke kewaye kuma ya tsira. Da yawa daga masu zuwa ma ba ciwon daji ke damunsu ba. Wani ƙari ne mara yaɗuwa ya fito masa a jijiyar kunne, wani kuma jijiyoyin jini ne suka cukurkuɗe masa a ƙwaƙwalwa.

Kafin irin wannan na'ura ta taɓa mutum, sai masanin kimiyyar lafiya ya auna ƙarfin haskenta. Yana cika wani akwati da ruwa, domin ruwa na shan hasken kusan yadda jikin mutum ke sha, ya nutsa ma'auni a ciki, ya kunna. Ma'aunin ɗan bututu ne mai iska a ciki. Haske na ratsa iskar sai lantarki ya motsa, a karanta. Yana yin haka ga kowane faɗin haske, daga babba har ƙarami, sannan ya zuba alƙaluman a kwamfuta. Daga ranar kuwa kwamfuta ba ta ƙara tambayar kowa, da su za ta riƙa lissafa tsawon lokacin da za a gasa kowane majinyaci.

A Toulouse an ɗauko ma'aunin da ake kira Farmer, wanda duk ɗakin gashi a duniya ya sani kuma ya amince da shi. Ma'aunin lafiyarsa ƙalau, sai dai don faffaɗan haske aka ƙera shi, irin mai santimita 10 kowane gefe. Tsawon cikinsa ya haura santimita 2, alhali ƙaramin hasken Novalis faɗinsa milimita 6 ne kacal. Ke nan hasken tsakiyar bututun kawai yake bugu, sauran yana waje, shi kuwa ma'aunin jimilla yake bayarwa. Kamar mutumin da ke zaune a inuwa ne, ƙafarsa kaɗai ke rana, ka tambaye shi zafin yau, ai cewa zai yi da sauƙi.

Kwamfuta ta karɓi wannan "da sauƙi". Tunda an gaya mata ƙaramin haske rarrauna ne, sai ta riƙa ƙara lokaci don ta cike giɓin da babu shi. Gwargwadon ƙanƙantar hasken, gwargwadon yawan abin da aka ɗura wa mutum. A aikin da kuskuren kashi 5 cikin 100 ke ta da hankalin likita, wasu wuraren sun sha ninkin abin da aka rubuta musu, har da ɗoriya.

Babu wanda ya yi ihu a kan gadon. Gashin ba a jin sa a lokacin, ɓarnarsa sai bayan watanni take fitowa: fuska ta shanye, kunne ya toshe, ciwo ya ƙi tafiya. Kuma cutar da ta kawo mutum tun farko tana iya jawo irin waɗannan alamomi, don haka wa zai zargi na'ura? Haka aka tafi shekara guda cur.

Asirin bai tonu a cikin asibitin ba. A watan Afrilu na 2007 kamfanin BrainLAB na gwama alƙaluman awo na asibitocin da ke amfani da na'urarsa, sai aka ga na Toulouse sun fita daban da na kowa. Aka tsayar da aiki, hukumomin kula da nukiliya na Faransa suka shigo bincike. Mutum 145 abin ya shafa, a ƙasar da ba ta gama farfaɗowa daga abin da ya faru a garin Épinal ba, inda aka gasa masu ciwon dajin prostate fiye da ƙima tsakanin 2004 da 2005.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a lokacin da jaridun Faransa ke ta yayata maganar, irin kuskuren nan na gudana a asibitin CoxHealth da ke Springfield a jihar Missouri ta Amurka. Tun ƙarshen 2004 aka auna ƙaramin haske da ma'aunin da bai dace ba, ba a farga ba sai a 2009, da wani masanin daban ya sake duba awon. Majinyata 76 aka yi wa gashin da ya zarce ƙa'ida da kusan rabi.

Sai a 2017 Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, tare da ƙungiyar masanan kimiyyar lafiya ta Amurka, suka fitar da kundin TRS-483 a kan awon ƙananan haske kaɗai. A cikinsa an jera ma'aunai ɗaya bayan ɗaya, da gyaran da za a yi wa karatun kowanne, da faɗin hasken da in an yi ƙasa da shi dole a ajiye wannan ma'aunin a ɗauko wani.