Furannin bazara a tsakar gidan zango: yadda za a more su duk da sauyin yanayi

Duk wanda ya zauna a Kumasi ya san halin watan Maris. Da safe ka ga sama ta yi fari kamar hunturu bai gama tafiya ba. Da azahar zafi ya hana ka taka siminti ba takalmi. Kafin la'asar ta yi sanyi kuma sai gabas ta haɗe baƙi ƙirin, mata na rige-rigen kwashe shanya. Wata rana a sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata rana iska ce kawai za ta kaɗa, ta ɗaga kwanon rufin wani ta wuce, ba ko ɗigo.

Wannan ita ce bazara, lokacin da rani bai saki ba, damina kuma ba ta zauna ba. A cikin wannan rikicin ne kuma furanni da yawa suka fi kyau a shekara. Abin tambaya shi ne, mu da muke zaune a gidajen haya na Aboabo, Asawase, Nima ko Sabon Zango, muna da rabo a ciki kuwa? Muna da shi, in dai mun san abin da za mu shuka da yadda za mu bi da yanayin.

Me ya sa yanayin ba ya tsayawa wuri ɗaya?

Iska biyu ce ke kokawa a kanmu. Ɗaya busasshiya ce mai ƙura daga Sahara, ita ke kawo hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Ɗayar kuma mai laima ce daga tekun Atlantika. A watannin Maris da Afrilu mahaɗarsu tana hawa arewa a hankali, amma ba a miƙe take tafiya ba: yau ta matsa gaba, gobe ta ja da baya. Shi ya sa za a yi ruwa mai ƙarfi sau ɗaya, sannan a share kwana goma ba a sake gani ba, har ƙura ta dawo.

Kumasi na samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, a damina biyu: babbar daga Maris zuwa Yuli, ƙaramar daga Satumba zuwa Nuwamba. 'Yan'uwanmu na Tamale da Yendi kuwa damina ɗaya gare su, kuma ba ta kankama sai wajen Afrilu ko Mayu. Don haka abin da na Kumasi zai yi yau, na arewa ya ɗan jinkirta.

Masu jiran ruwan farko

Akwai tsirrai da suke kwana a ƙarƙashin ƙasa duk tsawon rani, ba ganye ba komai, sai kan albasa. Da ruwan farko ya taɓa su sai su farka. Manomanmu na dā sun san su, har suka ba su suna. Akwai albasar kwaɗi mai manyan furanni farare da ratsin ja. Akwai hatsin manoma, fari mai laushi, wanda ke fitowa da saukar ruwa. Akwai kuma wani jan fure mai dunƙulewa kamar ƙwallo a kan tsinke ɗaya, wanda sau ɗaya tak yake fitowa a shekara.

A wurin masu sayar da furanni a bakin titi za ka samu wani ɗan ƙarami, ruwan hoda ko fari, mai ganye kamar ciyawa. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne, kuma shi da ruwan sama yake da alkawari: kwana uku ko huɗu bayan ruwa mai ƙarfi sai ka tashi ka tarar da gwangwanin ya cika da furanni. Kwana biyu kuma sun bushe. Wanda ya ce sai ranar Asabar zai tsaya ya kalla, to ya yi ta jira har wani ruwan.

Waɗannan ba sa tsoron sauyin yanayi, don da shi suke rayuwa. Abin da suke so kawai shi ne a bar su su huta da rani. Kada ka yi ta zuba musu ruwa don ka ga ba ganye, albasar za ta ruɓe.

Masu son rana

Kashi na biyu su ne waɗanda zafi ke sa su fure. Kariya, mai kaurin gindi da fure ja-ja, ta fi kyau lokacin da komai ya bushe. Haka ita ma bogenbiliya, mai ƙaya ɗin nan da ke hawa katanga: in ta ji ƙishirwa ta yi fure, in ruwa ya yi mata yawa sai ta koma ganye zalla. Su waɗannan, da damina ta fara zama, a matsar da tukwanensu ƙarƙashin baranda, inda rana za ta same su amma ruwa ba zai jiƙa su kullum ba.

Akwai kuma furen ƙarfe goma, wanda yara suka fi so. Reshe ɗaya za ka karya ka soke a ƙasa, ya kama. Yana buɗewa in rana ta ɗaga, ya rufe da yamma. Ranar da gari ya tashi da lumshi kuwa da ƙyar yake buɗe ido. Yaron da aka ba shi gwangwani ɗaya ya kula da shi, zai koyi duban sama kafin ya karanta labarin yanayi a littafin makaranta.

To ina fili?

Wannan ce tambayar da kowa ke yi, kuma gaskiya ce. Gidajenmu ɗaki ne a jikin ɗaki, tsakar gida an malale ta da siminti, mutum ashirin ko fiye suna amfani da ita. Amma fure ba ya neman kadada. Galan ɗin Kufuor da ya fashe, tsohon bokiti, gwangwanin Milo, duk tukwane ne. Ledar fiya-wata kuma ta isa a rena iri a ciki.

Ga abubuwan da ke raba mai nasara da mai asara a wannan lokaci. Na farko, a huda gindin mazubin, a zuba 'yan tsakuwa, sannan a haɗa ƙasa da yashi da taki wanda ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. Na biyu, kada ruwan farko ya ruɗe ka ka dasa komai a rana ɗaya. Jira a yi ruwa biyu ko uku a jere, kuma ka yi dashen da yamma. Na uku, kada a ajiye tukunya daidai bakin kwano ko ƙarƙashin indararo, domin ruwan dare ɗaya zai tone ƙasar ya bar saiwa a waje. Na huɗu, yawancin hadarinmu daga gabas yake tasowa da iska a gabansa. A jera tukwane a jikin bangon da zai tare musu ita, masu tsayi kuma a kafa musu sanda. Hukumar kula da yanayi ta Gana tana fitar da gargaɗi a rediyo da kafafen intanet in babban hadari na tafe, yana da kyau a riƙa saurara.

Batun ruwan ban-ruwa kuwa, wallahi muna zubar da abin da ya ishi lambu guda. In aka ajiye roba a wurin alwala, ruwan da gida ɗaya zai tara daga asuba zuwa isha ya wadatar. Na wankin shinkafa ma haka. Na omo da bilic ne kawai ba a so.

Abin da za a kiyaye

Masu cewa shuka na kawo sauro ba su yi ƙarya duka ba. Sai dai ba furen ke kawo shi ba, ruwan da ya kwanta ne. A irin zafin nan, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma ƙwan sauro ya zama sauro. Don haka duk faranti ko gwangwanin da ya tara ruwa a kifar da shi, kada a bari ya kwana biyu.

Sannan kariya tana da dafi a ruwan jikinta, haka albasar kwaɗi da jan furen nan mai kamar ƙwallo. A ɗora su inda hannun ƙaramin yaro ba zai kai ba, kuma kada a ajiye albasarsu kusa da madafa. Akuyar maƙwabta da ragon layya kuwa ba ruwansu da kyan fure, abinci suke gani. Ɗan shingen waya ko tsohon gidan sauro ya fi faɗa da maƙwabci sauƙi. Kuma tunda gidan na haya ne, a fara sanar da mai gida da sauran 'yan haya kafin a jera tukwane.

Ba baƙon abu ba ne a wurinmu

Wasu na ganin shuka fure aikin Turawa ne ko na masu gidajen Nhyiaeso. Amma ku tuna gidajen kakanninmu. Da wuya a rasa lalle a bayan ɗaki, wanda ƙamshin furensa ke cika gida da dare, ko zogale mai fararen furanni, ko ɗaiɗoya a bakin randa. Siminti ne ya kore su, ba al'ada ba.

Kumasi kanta da sunan birnin lambu aka san ta, tun tsarin gari da Maxwell Fry da Jane Drew suka zana a 1945. Yau gine-gine sun cinye yawancin wannan kore, zafi ya ƙaru a unguwanni, ruwan sama kuma ya rasa ƙasar da zai nutse, sai ya bi kwata ya cika rafin Aboabo. Gwangwani biyar a ƙofar ɗaki ba za su hana ambaliya ba, wannan kam gaskiya ne. Amma yaron da ya tashi yana ban-ruwa, shi ne gobe in ya gina nasa gidan zai bar ɗan fili bai malale shi da siminti ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka kafin damina ta zauna sosai, a nemi galan ɗaya a huda, a roƙi reshe ɗaya a wurin maƙwabciya. In ruwa ya sauka cikin dare, a ƙirga kwana uku, sannan a leƙa tun da sassafe kafin a fita kasuwa.