Zango a Bakin Kogi

Tun zamanin da, in fatake sun gaji da tafiya, kusa da ruwa su kan ya da zango. Har yanzu haka abin ya ke. Masunta, da makiyaya, da masu fita hutu da iyalinsu, duk bakin kogi ko tafki su ke nema su kafa bukka ko tanti. Dalili kuwa a fili ya ke: ga ruwan sha, ga na dahuwa, ga na wanki. Amma ruwan nan da ke rayarwa, shi ne kuma ke halakarwa. Saboda haka maigida mai hankali ba ya sauke kaya sai ya duba wuri da kyau.

Abu na fari da zai nema shi ne tudu. Yashin bakin kogi yana da laushi, yana da daɗin kwanciya, amma hanyar ruwa ce. A kan yi ruwan sama a can nesa, a nan ko ɗigo babu, sai cikin dare kogi ya kawo, ya kwashe mutane da kayansu. Mai lura ya kan dubi itatuwan gaɓa. In ya ga busasshiyar ciyawa da laka sun maƙale a rassa, ya san nan ruwa ya kan kai. Sai ya hau gaba da wurin, kamar taku ɗari, sa'an nan ya kafa tanti.

Ko da rani ma ba a sakin jiki da kogi. Ga misali a kogin Kwara. Mafarinsa yana cikin duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar kafin ya shigo Nijeriya, tsawonsa ya fi kilomita 4,000. Ruwan da aka yi a Gini da damina ya kan yi watanni a hanya, ba ya isowa wajen Yawuri sai da hunturu. Sai a ga kogi yana cika, alhali ko hadari babu. Ban da wannan, akwai madatsun ruwa, kamar ta Kainji da aka gama a 1968. In madatsa ta cika, dole a buɗe ƙofofinta, ruwa ya malalo. Haka ya faru a 2012, sa'ad da aka saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru, kogin Binuwai ya ci gidaje da gonaki masu yawa.

Abu na biyu, namun ruwa. Dorina ta kan wuni cikin kogi, da dare ta fito kiwo, hanya guda kuma ta ke bi kullum. Wanda ya kwana tsakaninta da ruwa ya sayi rigima. In an ga manyan sawu da turba mai faɗi ta fito daga kogi, sai a kauce. Kada kuwa ya kan laɓe a mashaya. Don haka ba a aiken yaro ɗiban ruwa shi kaɗai, balle da almuru.

Abu na uku, cuta. Ruwan da ke kwance, mai ciyayi, nan sauro ke haihuwa, shi ne kuwa ke kawo zazzaɓi. A nan kuma a ke samun ƙananan dodon-koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya. In yaro ya yi wanka a ciki, sai ta huda fatarsa ta shiga, daga baya a ga yana fitsarin jini. Maganin wannan, a zaɓi fili mai shan iska, nesa da fadama, a kwana cikin gidan sauro, a kuma tafasa ruwa kafin a sha.

Inuwa tana da amfani, amma ba kowane itace a ke kwana a gindinsa ba. Mai busassun rassa ya kan karye da iska. Mai kogo ya kan ɓoye maciji ko zuma. Dogo wanda ke tsaye shi kaɗai a fili, shi tsawa ta fi faɗa wa. Kafin a hura wuta, sai a share ciyawa. Wurin bayan gida kuwa a haƙa shi nesa da kogi, domin akwai waɗansu mutane a gaba masu shan ruwan nan.

Duk da haka, idon baƙo bai kai sanin ɗan gari ba. Maigida ya kan fara zuwa ya gai da mai unguwa ko Sarkin Ruwa, ya nemi izini, ya tambayi inda gurbi ya ke, da inda dorina ke bi. Matambayi ba ya ɓata. In ya yi haka, shi da iyalinsa sai su yi barci da rai kwance, su koma gida lafiya.

Tambayoyi

1. Yaya a ke gane iyakar inda ruwa ya kan kai?
2. Don me kogin Kwara ke cika da hunturu?
3. Ta yaya tsargiya ke kama mutum?