Kafin Ku Kafa Tanti A Bakin Rafi Da Ƙananan Yara

Wani sabon yayi ya shigo mana. Da hutun Sallah ko na ƙarshen shekara ya zo, sai magidanci ya lodi iyalinsa a mota daga Abuja ko Gwagwalada, a ɗauki tanti da tabarmi da kular abinci, a nufi gonar da ya saya a wajen Kwali, ko Yangoji ko Dafa, a kwana biyu a sha iska. Ba ni da ja da wannan. Yaron da bai taɓa ganin yadda ake haƙar doya ba gara ya je ya gani. Abin da ya ishe ni shi ne hotunan da ke biyo baya a Facebook: yara 'yan shekara uku da huɗu tsamo-tsamo a cikin rafi, uwa na gefe tana wanke kwanuka, uba na dariya. Ka yi magana a ce maka, "Haba Malam, ai ruwa mai gudu ne, ba ya riƙe ƙazanta."

Daga ina wannan magana ta samo asali? Ina kyautata zaton daga babin tsarki aka tsinto ta, aka kai ta inda ba wurinta ba. Malamai sun karantar da mu cewa ruwan da launinsa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa ba su sauya ba, ana alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne. Babu malamin da ya ce maka ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba ya ɗauke da taifot ko kwalara. Kogin Gurara da ke ratsa yankin Kwali ya taso ne tun daga Jihar Kaduna, ya wuce ƙauyuka da gonaki da mashayar shanu. Duk wanda ya yi bahaya a bakinsa, duk manomin da ya ɗauraye tankin feshinsa a ciki, gudun nan da ake taƙama da shi shi ne yake kawo maka saƙonsu har gaban tantinka.

Sai kuma tsargiya, wadda ko sha ba sai an yi ba. Tsutsarta tana girma a jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi na ruwa, ta fito ta yi iyo, ta huda fatar mutum ta shige. Najeriya na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya. Ga abin takaicin: dodon koɗin ba ya son tsakiyar kogi inda ruwa ke da ƙarfi. A gefe yake zama, inda ruwa ya lafa, cikin ciyayi da ganyaye. Wato daidai wurin da uwa mai hankali take zaunar da ɗanta don kada ruwa ya ja shi. Kuma tsutsar ta fi fitowa da tsakar rana, lokacin da zafi ke sa a ce yara su shiga su ɗan sanyaya jiki. Yaro zai fito lafiya lau, iyaka ɗan ƙaiƙayi a ƙafa da za a ɗora wa sauro. Sai bayan wata biyu ko uku a ga jan ɗigo a ƙarshen fitsarinsa, a lokacin kowa ya manta da zancen rafi. Har yau akwai masu cewa jinin nan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Wace irin balaga ga ɗan shekara bakwai? Ƙwan tsutsa ne ke yi wa mafitsararsa rauni, in an bar shi shekaru yana iya taɓa ƙoda.

Wani zai ce ai 'yan ƙauyen a nan suke wanka kullum. Haka ne, kuma saboda haka ne ake bin makarantun firamare ana raba musu ƙwayar praziquantel. Su rashin famfo ne ya tilasta musu. Kai da ka taho da mota me ya tilasta maka?

Akwai kuma masu ɗibar ruwan su zuba a randa su ce ya tace. Kwali garin tukwane ne. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 'yar nan ce, kuma babu mai raina randar Gbagyi wajen sanyaya ruwa. Amma sanyi daban, kashe ƙwayar cuta daban.

Batun tsaro ba sai an faɗa ba: kada ka kwana a inda dagaci da 'yan banga ba su san da zuwanka ba, in sun ce kada a kwana, a juyo.

To, me za a yi? Ruwan sha da na dama kunun yara a taho da shi daga gida a jarka mai murfi, a ƙiyasta da yawa, don yara a daji sun fi sha. In ya ƙare, a tace na rafi da tsumma mai tsabta, a tafasa shi ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya cur, ko a sa masa sinadarin kulorin irin su WaterGuard bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Na wankan yara ma a ɗora shi a wuta a bari ya huce, ko a ajiye shi a bokiti kwana biyu, tsutsar tsargiya ba ta kai haka da rai a wajen jiki. Tanti a kafa shi a kan tudu, nesa da gaɓa, ko da rani ne. Ruwan da aka yi can sama yana iya cika rafi da dare alhali ku ko ɗigo ba ku gani ba. A naɗa babba guda ɗaya wanda ba shi da aikin komai sai kallon yara, ba wai "kowa ya sa ido" ba, domin ƙaramin yaro na nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, kuma shiru yake yi, ba ya ihu.

A jakar magani a sa ƙullin ORS da ƙwayar zinc da farasitamol na yara. In babu ORS, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Gidan sauro dole ne, har a cikin tanti, da rigar sanyi in hunturu ne. Takalmi rufaffe ga kowane yaro, a kakkaɓe shi da safe saboda kunama, kuma ba mai fita fitsarin dare ba tocila. In maciji ya sari yaro, ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ɗaure ƙafa tamau. A hana shi tafiya, a ɗauke shi sai Babban Asibitin Kwali ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Saboda haka mota ta kwana da mai, fuskarta na kallon hanya.

Wanda kuma yaransa suka riga suka shiga rafi a hutun da ya wuce, ya kai su a gwada fitsarinsu ko da bai ga jini ba, ya gaya wa likita sunan rafin da watan da suka shiga.