Makafi da Guragu a Cikin Sha'anin Gari

Tun zamanin da, a Kano da waɗansu manyan biranen ƙasar Hausa akwai Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, masu shugabancin jama'arsu da sasanta tsakaninsu. A shekarar 2019 kuwa aka sa hannu a dokar da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya. Watau al'ada da doka sun haɗu.

Saboda haka in Hakimi zai kira taron gari ko aikin gayya, ya kamata magatakarda ya sanar da shugabannin nan tun da wuri, a ba su wurin zama, a ji shawararsu. Makaho ya iya tufkar igiya, gurgu ya iya riƙe lissafin ƙungiya. In an bar su ga sadaka kaɗai, gari ne ya yi hasara.