Zaɓen Zobban Zare Wajen Haɗa Sandar Fatsa Marar Nauyi: Nazari Daga Ruwan Bakolori

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a shekarar 1978, al'ummomin Talata Mafara da Bakura da Maradun suka sami tafki mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450, tare da magudanan ban-ruwa da suka ratsa gonaki. An yi madatsar ne domin noman rani, amma su ma masunta sun amfana. Kayan su da aka fi sani a wannan yanki su ne koma da birgi da mamari, sai kuma fatsar yara, wadda ba ta wuce sandar gora da zare ɗaure a bakinta ba. Sandar fatsa ta zamani, mai manaɗin zare a ƙarƙashinta, baƙuwa ce. Wannan maƙala za ta yi bayani a kan ɓangarenta da aka fi rainawa, wato zobban da zare ke bi ta cikinsu, domin su ne ke fara lalacewa, kuma a wurin sauya su ne mai gyara ke iya kashe sanda mai kyau.

Aikin zobba

A irin wannan sanda, kwarkwaron da zare ke naɗe a kansa ba ya juyawa lokacin jifa. Zaren ne ke warwarowa daga bakinsa, yana fita a murɗe, gammo-gammo. Aikin zobba na farko shi ne su tattara wannan murɗiya, su miƙar da zaren ba tare da ya doki jikin sanda ba. Aiki na biyu yana zuwa ne bayan kifi ya kama: zobba su rarraba ƙarfin jansa a kan tsawon sanda, kada ya taru wuri guda ya karya ta.

A da, masu ƙera sanduna sun ɗauka cewa faɗin zobe shi ne magani. Sai su jera manyan zobba, kowane yana ɗan ƙanƙanta da na bayansa har zuwa baki. A tsakiyar shekarun 1990 kamfanin Fuji na ƙasar Japan ya fito da wani tsari da ya saɓa wa wannan: a shaƙe murɗiyar da wuri da zobba biyu ko uku masu dogayen ƙafafu, daga nan sauran su zama ƙanana, masu girma ɗaya, kwance kusa da jikin sanda. Hikimar tana ga nauyi. Sanda marar nauyi, irin wadda ta dace da karfasa da kawara, bakinta siriri ne ƙwarai. Duk ɗan ƙarfen da aka ɗora a can nesa da hannu yana yin nauyi fiye da kimarsa, kamar yadda tulu ke ƙara nauyi idan aka rataye shi a ƙarshen sanda. Bakin da aka yi wa lodi yana ci gaba da rawa bayan jifa, ya rage nisan ƙugiya, sannan ya dushe ɗan motsin da masunci ke ji a tafinsa idan kifi ya fara taɓa tana. Mai kamun karfasa kuwa da wannan motsi yake cin abinci.

Girma da tazara

Ana kiran girman zobe da lamba, wadda take daidai da faɗinsa a milimita ko kusa da haka. Ga sanda mai tsawon ƙafa shida zuwa bakwai da ƙaramin manaɗi, zoben farko mai lamba 20 ko 16 ya wadatar, na biyu 10 ko 8, sauran kuma 5 ko 6. Sai dai tsayin zoben farko ya fi faɗinsa muhimmanci. Idan gajere ne, zare zai sauko daga kwarkwaro a karkace ya riƙa gogar bakinsa, komai faɗinsa. Saboda haka manaɗin ake fara zaɓa, sannan a zaɓi zobba.

Akwai lissafi mai sauƙi da masu haɗa sanda ke amfani da shi. A auna faɗin bakin kwarkwaro, a ninka sau 27. Idan faɗin milimita 40 ne, an sami santimita 108. A wannan nisa daga kwarkwaro ake kafa ƙaramin zobe na farko, dogayen kuma su jeru a kan miƙaƙƙen layi tsakaninsa da kwarkwaro. Yawan zobba yakan kama ɗaya ga kowace ƙafa, a ƙara ɗaya ko biyu. Lissafi dai mafari ne kawai. Kafin a ɗaure komai, a liƙa zobban da salatif, a zura zare, a tanƙwara sanda kamar kifi na ja. Inda zare ya yi kusurwa mai kaifi, ko ya rabu da lanƙwasar sanda, zobban wurin sun yi nisa da juna.

A ganin mai wannan rubutu, bai kamata masuncin Bakolori ya bi yayin zobba 'yan mitsi-mitsi masu lamba 4 zuwa ƙasa ba. Ruwan magudanai na ɗauke da gansakuka da laka, ƙurar hunturu kuma ba ta barin komai, sannan ƙullin da ke haɗa zare biyu yana sarƙewa a ƙaramin rami. Ɗan nauyin da lamba 5 ko 6 ta ƙara bai kai asarar jifa ba.

Abin da aka yi zoben da shi

Zobe mai ƙafa ɗaya ya fi dacewa da sanda marar nauyi, domin mai ƙafa biyu yana sandarar da wurin da aka ɗaure shi, ga ƙarin zare da gam. Ƙarfen da ba ya tsatsa ya isa a ruwan daɗi. Tsadar titaniyam ta fi amfani ga masu su a teku. Inda bai kamata a yi rowa ba shi ne cikin zoben. Zaren lailon ba ya cutar da ƙarfe sosai, amma zaren saƙa na zamani, idan ya kwaso yashi, yana sassaƙa rami a zoben ƙarfe zalla, ramin kuma ya dawo yana cin zaren. Don haka ake son zobe mai tangaran a ciki, musamman na baki, wanda ya fi kowane shan guga.

Tangaran kuma yana tsagewa idan sanda ta bugi dutse ko gefen kwalekwale, tsagar da ido ba ya gani. Ana gane ta da ɗan sabin auduga: a zura a juya cikin zoben, in ya bar zare-zare, zoben ya tashi aiki. Wajen sauyawa, a goge ƙafar sabon zoben da magagari har ta yi siriri, domin zaren ɗauri ya hau ta ba tare da tsalle ba, kuma kaifinta kada ya huda jikin sanda idan ta tanƙwara.