Auna kafin ka sayi dogon shok

Ƙasar Ibohamane, kamar sauran Adar, dutse ce da koramu. Shi ya sa masu Hilux da Land Cruiser da ke bin hanyoyin Keita, Bouza da Madaoua suke ƙara wa mota tsayi, don kada cikinta ya riƙa dukan duwatsu. Inda ake tafka kuskure shi ne wajen shok: sai a ce a kawo wanda ya fi kowanne tsawo. To, dogon shok gangar jikinsa ma doguwa ce, ko ya shige gaba ɗaya bai gajarta sosai ba.

Ga yadda ake yi. Ka tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri da irin lodin da ta saba ɗauka, ka kwance tsohon shok. Sa jak ka ɗaga gangar motar har taya ta yi reto, ka auna tsakanin kusoshin nan biyu da ke riƙe shok. Iyakar miƙewa ke nan. Tun a nan ka duba tiyon birki. In ya ɗame, a canja shi da mai tsawo.

Awo na biyu ya fi muhimmanci, kuma shi ake yawan tsallakewa. A tura ƙafar motar sama har ta danne robar da ke tare ta, a sake auna tsakanin kusoshin. Dole shok, in ya shige duka, ya gaza wannan awon da kamar santimita 2, domin roba tana ƙara lotsewa sa'ad da mota ta faɗa rami da buhunan albasa a baya. In shok ya riga robar tsayawa, shi zai sha dukan: mai ya tsiyaye, ko kunnen da ke riƙe shi ya karye.

Sai ka gwada a bakin korama, taya ɗaya a tudu, ɗaya a kwari, ka leƙa ko wani abu na guga. Baya mai sifirin falle-falle ya fi gaban Hilux na zamani lanƙwasa, kuma ɗaga gaban fiye da santimita 5 yana cin haɗin sandar da ke juya taya. Kada ka cire ƙarfen da ke hana mota tangaɗi don neman laushi, tunda mutane ne zaune bisa kaya.

Direba, ka tafi wurin mai kayan gyara da awonka biyu a rubuce.